Kada Ku Taɓa Mana Ramin

Aikin farko da na samu bayan na gama karatun zanen gine-gine a Zariya, a garinmu Kafanchan ya faɗo, kuma da na san abin da ke cikinsa da na ce ba ni da lafiya. Oga Boaz, wanda ya yi arziki da safarar citta, ya sayi fili a bakin titi, can fita gari ta wajen Kagoro. Filaza yake so mai shaguna ashirin, gilashi sama da ƙasa, da katanga da get. A bakin wannan filin ne mahaifiyata, Mama Paulina, take gasa masara tun kafin in yi haƙori.

A makaranta an koya mana cewa ba a zana ginin kasuwanci sai an ji ta bakin mutanen wurin. Ni kuwa ɗaliba ce mai biyayya. Na tara matan bakin titin su goma sha ɗaya a gindin mangwaro, na saya musu lemo, na buɗe littafi ina wani gyara tabarau. Na tambaye su me suke so: inuwa, ruwa, wurin zama?

Mama ce ta amsa. Hausarta ba ta san mace ba, kowa "ka" ne a wurinta.

"Edna, ka rubuta. Abu ɗaya ne. Kada ku taɓa mana ramin."

Sauran suka ce amin kamar an rufe addu'a.

Ramin da take nufi yana tsakiyar kwalta, daidai gaban filin. Faɗinsa ya kai tabarma biyu, da damina har agwagi suke wanka a ciki. Duk direban da ya zo nan sai ya taka birki ya lallaɓa, kafin ya fita matan sun yi wa motar zobe, masara da fiya da ayaba sun shige ta taga.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Shekara biyar ina fama da zane, ga abin da jama'a suka ba ni in saka a ciki. Da muka koma gida na ce wa Mama abin kunya ne mutum ya riƙa yi wa rami addu'ar tsawon rai.

Ta ci gaba da ɓare masara ba ta ko dube ni ba. "Wannan ramin da kake rainawa, shi ya kai ka Zariya. Kowane littafi da ka karanta, wani direba ne ya taka birki."

Kunya ta kama ni, har abinci ya ƙi shiga.

Washegari na kai wa Oga Boaz maganar. Ya cire hularsa ya dube ni kamar na zo roƙon a yanka masa akuya.

"Rami? A gaban filazata? Akitek, lafiyarki kuwa? Da kuɗina zan cike shi. In ba za ki iya aikin ba ki faɗa, akwai wani a Jos yana jira."

To ga ni a tsakiya. In na bi Oga, motoci su riƙa wucewa fuu, katanga ta ture matan, Mama ta rasa sana'ar da take ci da mu. In na bi Mama, a kai aikin Jos, kuma wancan ba zai tambayi kowa komai ba.

Kwana uku na yi ina zama kusa da murhun Mama, hayaƙi na cin idona, ina kallon motoci kawai. Sai na lura da wani abu. Bayan sun fita daga ramin, da yawa sukan gangara gaba kaɗan su tsaya: wannan ya ruga daji yana riƙe da mazugi, wancan yana neman ruwan zuba wa inji, wani yana yawo da buta babu ruwan alwala. Ashe mutane suna son tsayawa, wurin tsayawar ne babu.

Na koma na sake zanen. Na ja ginin baya, na share katanga, na cire shaguna huɗu. A gaba na bar fili da mota za ta sauka daga titi ta tsaya, na sa famfo da ban-ɗaki biyu, da doguwar baranda mai dakalin siminti inda matan za su baje kayansu ana hango su daga nesa.

Oga Boaz ya zo filin da zanen a hannu yana sababi, wai na cinye masa shaguna huɗu da fensir. Matan suka bar shi ya gama. Sai Hussaina mai nono, wadda ba ta cika magana ba, ta sauke ƙwaryarta.

"Oga, ranar da ka ga allon sayar da filin nan, gudu kake yi?"

Ya ce a'a, salansar motarsa ce ta karce ƙasa a ramin, ya fito dubawa.

"To," in ji Hussaina, "ba don ramin ba, da ka wuce."

Matan suka kwashe da dariya har da tafi. Shi ma ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi. A ƙarshe ya yarda da zanen, amma ya ɗaga mini yatsa. Rami dai sai an cike shi, kuma in motoci ba su tsaya ba, katangarsa za ta tashi, kowa ya nemi wani wuri.

Wata takwas ana gini. Ranar da aka cike ramin matan suka tsaya cirko-cirko kamar ana binne dangi. Daga nan Mama ta daina yi mini magana, sai dai "abinci yana kicin."

Safiyar da aka buɗe wurin, tun bakwai matan suka hau dakali. Mama ta hura gawayi, ta tura wani dogon buhu ƙarƙashin dakalin, ta zauna a kansa kamar mai gadi. Ni ina tsaye jikin famfo.

Mota ta farko ta wuce kamar an koro ta. Ta biyu ma haka. Wani direban bas har ya rage gudu don sabo, da ya ga kwalta sumul sai ya danna hon na murna ya ƙara wuta. Takwas ta yi, takwas da rabi. Masarar farko ta ƙone, Mama ta ajiye ta gefe. Ba wadda ta dube ni, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. A raina ina cewa, Edna, kin kashe uwarki da ilimi.

Wajen tara saura wata doguwar bas da ta fito daga Jos ta wuce, ta yi birki can gaba, ta dawo da baya. Wani dattijo ya diro tun ba ta gama tsayawa ba, yana tambayar ko da gaske ban-ɗaki ne wancan. Mutum goma sha takwas suka biyo shi waje suna miƙe ƙafa. Kafin direban ya gama wanke fuska, nonon Hussaina ya yi rabi. Suna nan wata mota ta sauko bayansu, sai wata mai lodin doya.

Mama ba ta ɗaga kai ba sai da wayar da take gashi a kai ta zama babu ko masara ɗaya. Sannan ta yafito ni. Ta sunkuya ta jawo buhun nan, ta ɗora mini a hannu. Nauyinsa ya kusa kayar da ni. Na leƙa ciki, sai ga diga, irin ta fasa kwalta.

"Ka mayar wa Yafet maƙwabcinmu," in ji ta, tana jera sabuwar masara a wuta. "Ka ce masa na gode, ɗiyana ya iya aikinsa."