Wane Akwati Sudan Take?

Kwamfuta uku ce kacal a shagon Mika'ilu a birnin Umdurman na Sudan, amma ta kusurwa ita ta haukata unguwa. Wani wasa ne a cikinta: a ba ka ƙasa, ka gina birane, ka zaɓi akwatin mulkinka, ko sarauta, ko jamhuriya, ko kwaminisanci, ko mulkin malamai, ko kama-karya. Kowanne da halinsa. Mika'ilu kansa yakan tsaya baki buɗe yana kallon ikon Allah.

Daga nan fa samari suka tsiri rabon ƙasashen duniya. Adam direban raksha, keken haya mai ƙafa uku, uban surutu, shi ke yanke hukunci.

"Saudiyya sarauta, ba gardama! Sin kwaminisanci. Iran ta malamai ce."

"Sudan fa?"

Wani mai rigar safari da baƙin tabarau ne ya yi tambayar daga ƙofa. A bayansa ga farar mota mara lamba. Zamanin soja ne, wanda ya shiga irin motar nan sai danginsa su yi watanni suna cigiya. Kafin ka ce kwabo samari sun zame, har da Adam mai bakin.

"An ce mana a nan aka saka ƙasarmu a akwatin banza," in ji mutumin. "Mai shago, wanne ne?"

Mika'ilu ya auna. In ya faɗi gaskiya, mota. In ya yi ƙarya, ai an riga an kai tsegumi, motar ce dai. Matarsa Ni'mat kuwa ga ta da tsohon ciki.

"Janabu, ni ban iya zaɓe ba," ya ce, haka ake kiran manyan jami'ai. "Zauna ka mulke ta a wasan yadda ake mulkarmu."

Mutumin ya zauna da gadara, ya sa Mika'ilu ya danna jamhuriya. "Tura sojoji kudu!"

Majalisar wasan ta ƙi.

"Ina ruwana da majalisa? Tura!"

Birane suka yi bore.

"Zuba soja a titi su yi shiru."

"A wannan akwatin soja ba ya rufe bakin mutane, Janabu."

Ya yi tsaki, ya karɓe abin dannawa. Ya gwada wannan, ya gwada wancan, gumi na karyo masa, Mika'ilu na salati a zuci. Can sai ya faɗa wani akwati, komai ya zauna daram. Ba majalisa. Soja a titi, birane tsit. Sai dai baitulmali na yoyo, gonaki sun rage albarka, masu ilimi sun tsaya cik.

"Ya salam! Ga ta nan sak!" ya ce da murna, sannan ya ɗaga ido ya karanta sunan akwatin: kama-karya.

Ya cire tabarau. Mika'ilu ma ya ƙura wa kwamfutar ido. Abin da aka ƙera a bayan teku, bai taɓa shan ruwan Nilu ba, amma ya san su ciki da bai! Tsoro da mamaki suka haɗe masa.

"Wa ya gaya mata?" Muryar mutumin ta yi sanyi.

"Babu kowa, Janabu. Hannunka ne ya danna."

Mutumin ya daɗe yana duban hannun. Ya miƙe, ya kai ƙofa shi kaɗai, ya juyo kamar mai neman taimako.

"To ni yanzu wa zan kama?"