Abin da Aka Faɗa wa Kare

Tun motar makaranta ba ta gama tsayawa ba Nangala ta hango kakarta a bakin wuta. Shekara bakwai rabonta da ƙasar nan, tun rasuwar uwarta, lokacin da babanta Jampijinpa ya ɗauke ta suka koma birnin Alice Springs. Yanzu ga ta, budurwa, a cikin ɗaliban da aka kwaso zuwa taron matasa na bana, inda malamai ke riƙe su da safe a ƙarƙashin rumfa, da yamma kuma tsofaffi su karɓe su. Babanta ne ya tuƙo motar.

Tsohuwar, wadda jikoki ke kira Jaja, ta rungume ta tana kuka tana shafa mata fuska. Kukan bai hana bakinta aiki ba.

"Wannan ƙafa fa? Ƙafar mutum ce ko ta jariri? Me suke ba ki a birni, takarda?"

"Ke kuma haƙoran fa, Jaja? Wa kika ba aro?"

Jaja ta tuntsire da dariya. Sai ƙofar direba ta buɗe. Nan take dariyar ta ɗauke, tsohuwa ta juya baya ta ja bargo ta rufe kai. Shi kuwa Jampijinpa ya sunkuyar da kai ya zagaya ta bayan mota, ya yi nesa.

Ba wai Nangala ba ta san al'adar ba. Ko a littafin makaranta an rubuta cewa namiji ba ya kallon surukarsa, ba ya yi mata magana, ba ya kiran sunanta. Amma karanta abu daban, a juya wa ubanka baya a gabanka daban. Ranta ya ɓaci, ta kuma yanke hukunci irin na 'yan shekara goma sha biyar, wanda ba a ɗaukaka ƙara: Jaja ba ta yafe masa ɗauke ta da ya yi ba, al'ada kawai ta samu ta fake da ita.

Taro ya yi daɗi, ko da yake ba ta so ta yarda. Da safe suna duba ruwan tafki da madubin ƙara girma, da yamma Jaja ta kai su daji da sandar haƙa, ta nuna musu tsagewar ƙasa inda dankalin daji ya kwanta, da sawun damo na yau da na jiya. Harshen Nangala ya yi tsatsa, Jaja ta yi ta kwaikwayon maganarta har yara na faɗuwa don dariya. An kuma gaya mata cewa ranar rufe taro za ta yi rawar mata a gurbin da uwarta take tsayawa. Inna Doreen, ƙanwar marigayiyar, ita ke koya mata a bayan tudu. Jaja ta ƙi leƙawa ko sau ɗaya.

"Ba na ɗanɗana abinci a tukunya," in ji ta. "Shekara bakwai nake jiran ganin ƙafar nan a fili. Sai ranar."

Abin da ya tsaya wa Nangala a rai shi ne kare. Jaja na da wani ramammen kare mai suna Biskit. Kullum da yamma babanta zai kawo itace da wutsiyar kangaru, naman dajin ƙasar, ya ajiye can nesa, ya juya baya, ya ce, "Biskit, ga ɗan itace nan, kada wani ya kwana da sanyi."

Jaja kuma, fuskarta na kallon wani gefe, ta ce, "Biskit, ka ce wa mai itace rabinsa ɗanye ne. Hayaƙi nake ci?"

Mata su yi dariya. Nangala ba ta ga abin dariya ba. Ubanta, mutumin da ya koyi kitso don kanta, shi ne ya zama abokin hirar kare.

Sai ta ƙulla dabara. Ta ce wa babanta malami na nemansa a bayan tankin ruwa, ta ce wa Jaja Inna Doreen na kiranta a can, ita kuma ta laɓe. A tunaninta, da zarar sun yi ido biyu za a yi kuka, a yafi juna, shi ke nan.

Ido biyun aka yi. Jampijinpa ya ja da baya kamar ya taka garwashi, ya yi karo da bokiti, ya tashi ya ranta a na kare, ko hularsa bai tsaya ɗauka ba. Jaja ta zube ƙasa ta lulluɓe da bargo tana salallami da harshenta. Yara suka fara dariya, suka ga manya ba sa yi, suka yi tsit.

Inna Doreen ta kamo Nangala a kunne.

"Ke wace irin yarinya ce? Kin san abin da kika yi kuwa? Tsirara kika yi musu a gaban jama'a!"

"Sulhu nake so in yi! Ta tsane shi!"

"Tsana? Ji min 'yar birni! Matar da ta ba shi 'yarta, akwai kyautar da ta fi wannan? Da wane ido zai kalle ta? Bargon nan da take rufe kai da shi, wa kike tsammani yake aiko mata da sabo duk sanyi?"

Nangala ta fashe da kuka, kunya da haushi sun haɗe mata. "To ni na fasa rawar. Jaja ce ke zama a gaba tana waƙa. Baba ba zai iya ɗaga ido ya kalli wurin ba, bayan mota zai koma ya zauna. Shi ya rene ni, Inna. In ba zai gani ba, wa zan yi wa?"

Inna Doreen ta sake mata kunne, don gaskiya ce. Bargon da ke ƙasa bai motsa ba, amma bargo ba ya toshe kunne.

Ranar rufe taro, da la'asar, Jaja ta ce a kira mata ita. Nangala ta zo tana jan ƙafa. Tsohuwa ba ta tambaye ta ko ta fasa ko ba ta fasa ba. Ta shafa mata mai a kafaɗu, ta ɗauki tsinke ta shiga zana mata jar ƙasa da fara, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Layin ya fita sak.

A bakin fili akwai wurin Jaja, wurin da take zama tun Inna Doreen na goye. Mata suka shimfiɗa mata. Ta wuce shimfiɗar. Ta sa samari suka jawo wani tsohon langa-langa suka kafa shi a gefen fili, ta zagaya bayansa ta zauna, ta ba fili baya.

"Haba tsohuwa," in ji wata. "Yaya za ki ja waƙa ba ki ganin ƙafa?"

"Kunnena ya mutu ne?" Ta ɗaga murya. "Biskit! Je ka ce wa mai ɗanyen itace fili nasa ne. Ya zo gaba ya zauna. Ya buɗe ido da kyau, don da nasa zan gani."

Nangala ta gane abin da tsohuwa ta yi. Ta so ta ruga ta ce a'a, ba haka take nufi ba, amma waƙa ta riga ta tashi daga bayan langa-langa, Inna Doreen kuma ta tura ta cikin layi.

Ta yi rawar. Ƙura ta tashi har gwiwa, ɗalibai 'yan uwanta na tafi, malamai na tsaye baki buɗe. A shimfiɗar Jaja babanta ne zaune, hula a hannu, bai ko ƙifta ba. Muryar tsohuwa ba ta kuskure taku ɗaya ba.

Da waƙa ta sauka, ƙura ta lafa. Can sai murya ta fito daga bayan langa-langa, wannan karon ba tsiwa a cikinta.

"Biskit. Yaya aka yi?"

Jampijinpa ya miƙa hannu. Ya jawo karen ya riƙe kunnuwansa biyu.

"Ka ce ta yi daidai," ya ce, muryarsa na karyewa. "Sai abu ɗaya. In za ta juya, takan karkatar da kai hagu tana murmushi. Irin na wadda muka rasa."

"Ban koya mata haka ba," in ji Inna Doreen a hankali.

Langa-langan ya fara kaɗawa, don tsohuwa ta jingina da shi. Nangala ta zagaya ta faɗa jikinta, jar ƙasa da fara suka dame a kan bargon. Jaja ta riƙe ta gam. Da ta samu numfashi, sai ta ɗaga kai.

"Biskit," ta ce, "ka ce masa ya rene ta da kyau. Na ji a ƙafarta."