Fili a Gefen Baba

Direban bai zo garin nan yawon buɗe ido ba. Inna ce ke kwance a birni, jiki ya ƙi, kuma buri ɗaya ya rage mata: idan ta cika, a kawo ta a kwantar da ita kusa da mijinta. Shi ya sa ya ɗauko ƙanwarsa, Auta, su zo su roƙi masu kula da tsohuwar maƙabarta a bar musu filin da ke gefen Baba.

Filin kuwa ya san shi. Duk sanda lodi ya biyo da shi ta sabon titi, yakan tsaya a bakin maƙabartar, ko injin ba ya kashewa, ya shiga ƙofa, ya yi hannun dama, ya yi addu'a a tsaitsaye, ya fice. Haka ya san duniya tun yana yaron mota: ka shiga nan, ka karya can. In ya koma gida sai ya ce wa Inna, "Gefensa fili ne fetal."

Amma Auta ta kafe sai ta ga gidan da aka haife ta. Tana goye aka bar garin.

"Yaya, ka ajiye motar nan mu taka. Maƙabartar ba gudu za ta yi ba."

"Ke dai Allah ya yi ki da neman aiki," in ji shi, amma ya bi ta.

Garin ya tsufa ƙwarai. Lunguna ƙanana, ko amalanke da ƙyar, ƙofofin katako duk gara ta ci gindinsu. Auta sai ta tsaya ta leƙa maƙera, ta tsaya ta shafa bango, ta tsaya gaisawa da wata tsohuwa kamar ta san ta. Shi kuwa ya yi gaba ya dawo, ya yi gaba ya dawo, yana tsaki. Gidan nasu ma da suka iske, an mai da shi wurin ajiye buhunan gawayi. Ko kallo na biyu bai yi masa ba.

Daga nan hanya ta gangara. Ƙafarsa ce ta fara ganewa kafin kansa. Ta nan aka bi da gawar Baba, shi yana ɗan saurayi yana tuntuɓe a bayan manya. Ga rijiyar da suka wuce. Ga kwanar. Sai ga bangon maƙabarta ya tare su, ba mashiga.

"Yaya, dubi nan," in ji Auta. "Bulon nan ai ba irin sauran ba ne. Kamar ƙofa ce aka toshe."

Ta nan aka shiga da Baba. Ya kama bin bango da sauri har tana haɗawa da gudu. Sai da suka zagaya can ɗaya gefen, bakin sabon titi, suka sami ƙofar da ya saba shiga. Ga kabarin da ya daɗe yana yi wa addu'a a hannun dama, ga fili a gefensa, ciyawa ta yi kore shar. Ashe kabarin na wani bawan Allah ne da bai taɓa sani ba.

Ya ratsa maƙabartar har gindin tsohuwar ƙofa, ya juya wa ƙofar baya kamar mai shigowa, ya dubi dama. Kaburbura ne a cunkushe, ba rubutu, ba alama, ruwan sama ya kusa shafe su. Wurin sa ƙafa ma babu, balle na kwantar da mutum. Baba na cikinsu, amma wanne?

Wayarsa ta yi ƙara. Auta ta leƙa, ta ga mai kiran, ta rufe baki da mayafi.

"Kun isa?" Muryar Inna can ƙasa, tana ja da ƙyar.

"Mun isa, Inna."

"Filin nan yana nan? Ba wanda ya riga ni?"

Ya dubi Auta. Ta kau da kai.

"Yana nan, Inna."

"To madalla," ta ce, ya ji ta sauke numfashi. "Tunda kana gabansa, ka ce masa ya ƙara haƙuri kaɗan. Ina tafe."