Ƙarfen da ke kan rufin Zulhumor

Maganar daga gidan biki ta fito, inda duk ilimin unguwar yake fitowa. Wai ƙarfen sabis da kamfani ya kafa a kan rufin Zulhumor mai gurasa shi ya kashe wayoyin mutane. Cikin mako guda waya goma sha huɗu suka yi shiru a wannan lungu na garin Margilan: ga fuskar waya tana haske, ga hotunan jikoki, amma kira ba ya shiga ba ya fita. Daga nan sai masana suka ƙara gaba. Abin da ya kashe waya, me zai yi wa hanjin mutum? Ga shi tanderun Zulhumor a ƙarƙashin ƙarfen yake. Kafin a ankara, matar da ke riƙe da 'ya'ya uku ba miji tana gasa gurasa tamanin tana sayar da shida.

Huɗu daga cikin shidan Mastura ce ke saye. Shekara talatin da takwas ta yi tana koyar da kimiyya a makarantar unguwar, kuma kusan duk mai yaɗa maganar ya zauna a ajinta. Wannan ya fi komai ci mata rai.

Ta iske mai unguwa Tursunali a gidan shayi, yana tara sa hannu don a hana gurasar shiga bukukuwa.

"Tursunali, wa ya gwada?"

"Opa," ya ce, yadda ake kiran babbar yaya a nan, "ai ba sai an gwada ba. Kowa ya sani."

"Kowan nan na san shi. Sau biyu ya maimaita aji."

"To matata fa? Tun da aka kafa shi kanta ke ciwo."

"Shekara talatin tana zaune da kai, sai yanzu ta samu wanda za ta ɗora wa?"

Washegari Mastura ta ɗauki kwandon cefane ta bi gida gida tana karɓar matattun wayoyin. Babu wadda aka miƙo mata ba tare da tarihi ba. A unguwar nan, in ɗa ya aiko da waya daga ƙasar waje, kusa da butar shayi ake ajiye ta, a gaban baƙi, har sai wani ya gaji ya tambaya.

"Opa, ki riƙe da kyau. Daga Koriya take, ba irin ta kasuwar nan ba ce."

"Na gani. Ta kasuwar nan ai kira kawai ta iya."

Ta shiga motar haya zuwa birnin Kokand, tafiyar sa'a ɗaya da wani abu, inda ko tsuntsun da ya taɓa sauka a kan ƙarfen Zulhumor bai isa ba. Ta zauna a wani shago, ta sha shayi, ta jera wayoyin tana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, har mai shagon ya fara tunanin kiran 'yan sanda. Ko ɗaya ba ta farfaɗo ba. Da ta dawo sai ta tsaya a bakin tanderun, ƙarfen na bisa kanta, ta ciro tata wayar ta kasuwar nan da ko ɓarawo ba ya kallo, ta kira Ravshan, tsohon ɗalibinta da ya yi furfura a aikin injiniya na kamfanin. Kira ya shiga tun bugun farko.

Zulhumor na gefe tana share tokar da ba ta buƙatar shara.

"Opa, ki bar shi kawai. Zan ce su zo su cire abinsu."

"Su cire, sai a ce kin amsa laifi. Tanadi tsani, ranar Asabar kina da baƙi."

Ranar Asabar Ravshan ya zo, unguwa ta taru a tsakar gidan, kowa yana raɓewa jikin bango don gudun ƙarfen. Mastura ta juye kwandon a kan shimfiɗa.

"Wanda wayarsa a garin nan aka saye ta kuma ta mutu, ya ɗaga hannu."

Aka kalli juna. Ba hannu.

"Yi musu bayani, Ravshan. A hankali, ka san su."

Ya ce lamarin kamar rediyo ne, kowace tasha da zangonta. Hukumar sadarwa ta rufe tsohon zangon da ake kira a kai, ta umarci kamfanoni su koma sabo, kuma ta yi wata shida tana sanarwa. Duk wayar da ake sayarwa a ƙasar sai an tabbatar tana kama sabon kafin ta shiga kasuwa. Waɗannan kuwa don wata ƙasa aka ƙera su, da zangon can.

"Ɗana fa ba ƙaramar waya ya aiko ba," in ji matar mai unguwa.

"Babba ce, inna. A can."

"To ciwon kaina fa? Shi ma daga Koriya aka aiko shi?"

Mastura ta nuna tsani. "Tursunali, hau. Kai ne shugaba."

Ya hau yana nishi, takardar sa hannun na leƙowa daga aljihunsa, Ravshan na biye da shi. Sun ɗan jima a sama. Da ya sauko bai kalli kowa ba. Ya tura takardar can ciki, ya tambayi Zulhumor ko akwai mai zafi, ya karɓi biyu ya sa a hammata.

"Me ka gani?" in ji matarsa.

"Igiyar wutar a naɗe take cikin leda," ya ce. "Hukuma ba ta ba su izini ba tukuna. Ba a taɓa kunna shi ba."