Ƙarfen Baba Mai Tuta

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

Garin nan namu, tankin ruwa ne ya haife shi. A zamanin jirgi mai gawayi, dole ya tsaya ya sha ruwa, sai aka kafa masa tanki a tsakiyar daji. Mai famfo ya yi bukka, mai abinci ta biyo shi, tela ya biyo mai abinci, wai don ɗinki. Kowa ya gina ɗaki sai ya sa ƙofarsa ta kalli layin dogo, domin ta nan abinci ke shigowa.

Da aka kawo jirgi mai shan mai, ya daina jin ƙishirwa, sai ya riƙa wuce mu yana ihu. Can kuma aka shimfiɗa kwalta ta bayan gari. Direbobi ba abin da suke gani sai garken awaki da shanyar tsummoki. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka toshe ƙofofinsu, suka fasa sababbi ta wajen titi. Gari guda ya juya kamar mai barci.

Gida ɗaya ya rage, na Baba Mai Tuta. Shi ne ya tsufa yana ɗaga wa jirgi tuta kore da ja, har idonsa ya rufe. Amma bai zauna ba. Kullum da hantsi zai fito, sandarsa ta sami ƙarfen layi, ya bi shi ƙwas-ƙwas har tsohuwar tasha wurin abokansa. Yawonsa ke nan a duniya.

Autarsa ce ke riƙe da shi, da sana'ar shayi da burodi. Ita kuwa ciniki ya mutu mata, sai ta wuni tana kora ƙuda. Magini ya duba ya ce bangon ya tsufa, ba zai ɗauki ƙofa biyu ba. In an fasa ta baya, dole a toshe ta gaba. Auta ta yi ta juya maganar a ciki, ta kasa faɗa. Baban ne ya ji tukunyar shayi ba ta ƙarewa, ya ce ta kira magini.

"Baba, to kai fa? Motoci ne a can."

"Ni jirgi ma bai take ni ba, 'yar nan. Fasa bangon."

Aka fasa. Ciniki ya dawo, amma Baba ya zauna. Sau ɗaya ya gwada fita, sandarsa ta yi ta lalube a ƙasa ba ƙarfe, wata babbar mota ta yi masa hon a kunne. Ya koma ciki ya ce wai dama ƙafa ke masa ciwo. Auta ta ce za ta riƙa kai shi, ya ce shi ba buhu ba ne. Abinci ma ya fara rage shi a kwano.

Sai ga Helma, tsohon shugaban leburorin layi, ya zo dubiya. Ya tsaya a kansa ya ce, "Kai tsohon banza, ka bar mu, wa za mu yi wa ƙarya?" Baba ya ce su yi wa juna, ai sun ƙware. Helma ya fita, ya tara sauran tsofaffin, suka jawo ƙarafan da kamfani ya watsar cikin ciyawa. Za su shimfiɗa masa layi daga sabuwar ƙofa zuwa tsohon layi.

Ku da ni, da mun zagaya da shi jikin bango, an gama. Su kuwa ina! Auta ta nuna musu lungu ga shi nan kusa, Helma ya dube ta kamar ta zage shi. Ya ce ƙarfen jirgi ba ya karya kwana kamar akuya, sai an ba shi fili. Suka zuba tsakuwa, suka jera katako, suna kwanciya a ƙasa suna kanne ido, gwiwoyi na ƙara. Layin ya yi wani shan kwana mai faɗi, ya ratsa ƙofar tela, ya shafi rumfar wanzami, ya raba garken awakin matar mai famfo biyu, tana faɗa suna ba ta haƙuri ba su fasa ba.

Ranar da aka gama, Auta ta ɗora bakin sandar a kan ƙarfe. Baba ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ce aikin ba laifi, ko da yake ya san ba Helma ya yi da hannunsa ba. Ya kama hanya. Tela ya tare shi da gaisuwa, wanzami ya zaunar da shi, matar mai famfo ta kai masa ƙarar abokansa. Bai isa tasha ba sai da rana ta take, ya dawo yana tambayar abin da aka dafa.

Baba ya bi ƙarfensa har ƙarshen ransa. Helma ya riga shi da damina ɗaya. Auta ta ƙara rumfa, ta aurar da 'ya'yanta da shayin nan. Matar mai famfo kuwa ta mayar da garkenta gefe guda, ba ta daina mita ba.