Ƙwaya Shida

Mainasara na jan jigo a bakin Rima sa'ad da dogari ya tsaya bisa gaɓa ya kira sunansa. Bai sauko ba, gudun kada laka ta ɓata masa takalmi.

"Ɗanka Ƙasimu shi yaz zo na ɗaya. Ran Asabar mota za ta kai shi makarantar Midil, Sakkwato."

Guga ya kuɓuce ya koma ruwa.

Shekara huɗu ke nan da En'e, hukumar gargajiya, ta rubuta yaron a elemantare ta Wurno, ba da son ubansa ba. Shi kaɗai ne ɗansa namiji. Ban ruwan albasa kuwa aikin mutum biyu ne, wani na jan ruwa, wani na buɗe fangali. Tun ran farko ya ja masa kunne, kamar sauran iyaye: in an tambaye ka, ka ce ba ka sani ba. Daƙiƙi ake sallamowa gida. Mai ƙoƙari mota ke ɗauka.

Mainasara ya nufi makarantar, ya iske malamin ajin, Malam Zayyanu, a bakin ƙofa yana kakkaɓe alli.

"Malam, yaron ga bai san komi ba. Ni na haihe shi."

"Wata tara ba wanda yas sha gabanai, Baba. Da can duk ajin kurame na. Sai nis sawo biskit da sukari a kanti. Duk Alhamis, wanda yaf fi maki, biskit biyu da sukari ƙwaya shida." Ya yi murmushi. "Sai ga baki ya buɗe."

Ƙwaya shida. Sai Mainasara ya tuna. Wata tara ke nan, kusan kowace safiya, Ƙasimu ke jefa masa farar ƙwaya cikin koko. Sau ɗaya ya tambaya, yaron ya ce Malam ya ba shi. Bai ƙara tambaya ba. Kokon ya yi daɗi.

A gida ya iske yaron zaune gindin rumbu.

"Kai, mi nic ce maka?"

"Kac ce in yi shiru."

"To?"

Ƙasimu na tonon ƙasa da yatsa. "Ran da nik kawo na farko kac ce Allah shi yi min albarka, Baba. Ba ka taɓa hwaɗin haka ba sai ran nan."

Mainasara ya ɗaga hannu. Ya sauke shi.

Ran Asabar bai je tasha ba. Ya ja guga biyar, ya sheƙa ya buɗe fangali, kafin ya komo ƙasa ta shanye ruwan. Daga nesa ya ji kukan motar har ya ɓace.

Washegari matarsa Sabuwa ta ajiye masa koko, ba ta dube shi ba. Kusa da kwanon akwai ƙullin takarda, shafin lissafi ne da aka yago, da jan makin Malam a kai.

"Ƙasimu ya ce in ba ka."

Ya kwance ƙullin. Sukari ne, ƙwaya shida cif. Ya daɗe yana kallonsu, har koko ya fara hucewa. Sannan ya ɗauki ɗaya, ya raba ta biyu da haƙori, ya mai da rabin cikin takarda.