Kujerar Dama

Likitan hukumar jiragen sama bai ko ɗaga murya ba ranar da ya gama da Kyaftin. Ya ɓamɓare wayoyin da ya manna masa a ƙirji, ya ce zuciyar tana tsallake bugu, kuma doka ba ta yarda a ɗora fasinja a kan zuciya mai tsallake ba. Lasisin tuƙin yana nan, ba wanda ya ƙwace shi. Sai dai lasisi babu takardar lafiya mabuɗi ne na gidan da aka rushe.

Kamfanin bai kore shi ba. Ya yi masa abin da ake kira karamci, ya mayar da shi malami a ɗakin simuleta, wani akwatin ƙarfe mai dogayen ƙafafu da aka ƙera cikinsa kamar ɗakin matuƙa sak. Yana ruri, yana jijjiga, yana karkata, ba ya zuwa ko'ina.

A jirgi kyaftin yana zama a hagu, mataimakinsa a dama. Akwai wani da ya daɗe a damar Kyaftin har ya laƙaba masa Na-dama, sunan kuwa ya bi shi har gida, domin mutumin bai tsaya a koyon tuƙi ba sai da ya auri Auta, ƙanwar Kyaftin. Yanzu shi ne za a yi wa jarrabawar hawa kujerar hagu.

Auta ta zo da yamma, ta zauna a hannun kujera kamar yadda ya hana ta tun tana ƙarama.

"Yaya, jibi ne fa. Ka san al'adarku, sabon kyaftin daga kafaɗar tsoho yake karɓar igiya huɗunsa na farko, alamar muƙami. Naka na nan a durowa, asu ne zai ci su."

"Asun ya kai miki ƙara ne?"

"Haba Yaya. Ai ɗanka ne, kai ka koya masa komai."

"Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake. Duk gidan sun saba ɗaukar maganarsa wasa, shi ya sa yake samun faɗin gaskiya. Tun yana saurayi, in aka ce Kyaftin a danginsu ba a tambayar wanne. Daga jibi sai an tambaya, kuma ya san amsar da yara za su riƙa bayarwa: mai tashin ko na ƙasan?

Doka ta hana mutum yi wa ɗan'uwansa jarrabawa, amma ba ta ce komai ba a kan wanda zai cike gurbin mataimaki. Da aka rasa mai zama, sai aka sa Kyaftin. Ranar jarrabawar da safe ya zura igiyoyin a aljihun wando, don kada Auta ta ishe shi, ya tafi.

Mai jarrabawar, wata mata mai gilashi da ba ta ɓata kalma, ta ja shi gefe a baranda.

"A saukar ƙarshe kai za ka tuƙa. In mun kusa ƙasa, ka mutu mini."

"Wace irin mutuwa?"

"Wadda ka ga dama."

Ƙa'idar kowa ya san ta. In abokin tuƙinka yana kauce hanya, ka yi masa magana. Bai amsa ba, ka sake. Bai amsa ta biyu ba, ka karɓe jirgin, ko da shi ya haife ka. Wanda ya tsaya kira na uku ya faɗi jarrabawa, a sama kuwa ya faɗi da mutane.

Kyaftin ya san nasa. Na-dama ba ya sa hannu a kwano kafin shi, ba ya wucewa ta gabansa, bai taɓa ce masa a'a ba ko a kan hasashen ruwan sama. A bakin matakalar akwatin, Kyaftin ya gyara masa kwalar riga, ya ce a hankali, "Tun da na hau hagu, ba ɗan da ya taɓa karɓe sitiyari daga hannuna. Ka dai yi abin da ka iya."

"To, Yaya."

Kujerar dama ta yi masa kamar takalmin aro. Maɓallan duk sun koma wancan hannun. Daga hagu kuma, da wata murya da bai san Na-dama yana da ita ba, umarni ya fara zuwa.

"Ɗaga tayoyi."

Ya ɗaga. Babu Yaya, babu don Allah.

Matar ta kunna musu wuta a injin dama, Na-dama ya kashe ta bai yi gumi ba. Ta lalata na'urar auna gudu, ya gane. Ta rufe musu filin da za su sauka, ya lissafa mai ya zaɓi wani. Abin da ya fi ci wa Kyaftin rai, har tarin nan ƙarami da yake yi kafin ya yi wa fasinja magana, mutumin ya kwashe. Kamar ka hangi wani a titi sanye da rigarka, kuma ta fi yi masa kyau.

Aka zo saukar ƙarshe. Hazo ya rufe gilashi.

"Jirgi na hannunka," in ji Na-dama.

"Yana hannuna."

Malamai da yawa in an ce su mutu, sai su kife a kan sitiyari har da ɗan nishi, ta yadda makaho ma zai gane. Kyaftin bai yi haka ba. Ya zauna ƙyam, ido buɗe, hannu a kan sitiyari, fuska irin ta mai sanin abin da yake yi. Ya bar hancin jirgin ya sunkuya kaɗan kaɗan.

"Mun yi ƙasa da hanya," in ji Na-dama.

Shiru.

"Mun yi ƙasa. Amsa mini."

Shiru. Kyaftin ya ji zuciyarsa ta tsallake bugu ɗaya, don daɗi. Yanzu za a ce Yaya? da ƙaramar murya, matar kuma ta sunkuya ta yi rubutu.

"Jirgi na hannuna!"

Sitiyarin ya fizge daga yatsunsa. Injuna suka yi ruri, akwatin ya ɗaga kai, suka fasa sauka. Ya ji Na-dama yana gaya wa hasumiyar filin jirgi cewa mataimakinsa ya kasa, a tanadi motar asibiti. Mataimakinsa. Sannan ya kira ma'aikaciyar jirgi, matar ta taso a madadinta, ta ja kujerar Kyaftin baya, ta janye ƙafafunsa daga feda, ta harɗe masa hannuwa ta ɗaure su a cikin bel, kamar yadda littafi ya ce a yi wa wanda ya suma. A haka, gawa mai ido biyu, ya kalli mijin ƙanwarsa ya zagayo ya ajiye jirgin shi kaɗai, tayoyi suka taɓa ƙasa kamar an ajiye ƙwai a faranti.

"Barka, Kyaftin," in ji matar. Su biyu suka waiwaya.

A baranda Kyaftin ya ce, "Ko ɗan jinkiri ba ka yi ba."

Na-dama ya sunkuyar da kai, ya koma surukin da aka sani. "Yaya, ai na daɗe ina wannan atisayen. Tun da ka fara murza ƙirji in mun fara gangarowa, ban ƙara sauka da kai ba sai hannuna na kusa da sitiyari."

Kyaftin ya tuna hannun. Kullum a buɗe a kan gwiwa, kai a ɗan karkace wajensa, ido a kansa. Har ya sha nuna wa sababbin matuƙa, yana cewa ku ga yadda ake zaman ladabi. Ashe jinya ake yi masa.

Auta na jira a wajen ajiye motoci. Da ta ga fuskar mijinta ta saki guɗa, masu gadi suka leƙo. Ta miƙo tafin hannu.

"Yaya, kawo. Kai za ka maƙala masa da kanka."

Hannun Kyaftin na cikin aljihu, zaren igiyoyin na sukar ɗan yatsansa.

"Na manta su a gida."

"Kai, Yaya!"

Na-dama ya dubi aljihun, irin duban nan da ya saba, sannan ya buɗe wa matarsa ƙofar mota.

"Bar shi, Auta. A kantin ma'aikata ma ana sayar da su."